Majinyata takwas da jiran shekara 24: nazarin aikin Dakta Gregory Cairncross

A shekarar 1988 wasu likitoci biyu da ke aiki a garin Landan na lardin Ontariyo a Kanada, ba Landan ta Ingila ba, suka wallafa wani gajeren rahoto a mujallar Annals of Neurology. Shafi biyar ne, kuma labarin mutum takwas kacal ya ƙunsa. Dukkansu suna fama da wani mugun ƙari na ƙwaƙwalwa da ake kira oligodendirogiliyoma. An yi musu magani a baya, ciwon ya lafa, sannan ya dawo. Da aka ɗora su a kan magungunan kansa, wato ciwon daji, sai ƙarin ya janye a jikin kowane ɗaya daga cikinsu. Shida sun sha haɗin magunguna uku da ake kira PCV, sauran biyun kuma kowa da nasa maganin daban. Likitocin su ne Gregory Cairncross da David Macdonald.

Wanda bai san fagen ba zai ce mutum takwas ai ba wani abin a zo a gani ba ne. Amma a wancan lokacin abin da kusan kowa ya yi imani da shi shi ne ƙarin da ya tsiro daga cikin ƙwaƙwalwa ba ya jin maganin sha ko na ƙarin ruwa yadda za a ce madalla. A yi tiyata, a yi gashi, wato a ƙona ƙarin da haske mai ƙarfi na na'ura, sannan a jira hukuncin Allah. Takwas cikin takwas kuwa, ruwa ba ya tsami banza. Daga wannan rahoto zuwa ranar da aka tabbatar cewa maganin yana ƙara wa wasu majinyata shekaru masu yawa, an ɗauki shekara 24. Abin da ya faru a cikin waɗannan shekaru shi ne lamarin da nake son mu duba, domin ban san wani misali da ya fi shi nuna yadda duba marasa lafiya da bincike ke ciyar da juna, da kuma yadda suke takura wa juna, idan mutum ɗaya ya rungume su.

Likitan da fagensa

Cairncross likitan jijiyoyi da ƙwaƙwalwa ne. Wannan ya bambanta da likitan taɓin hankali, ya kuma bambanta da likitan da ke buɗe ƙoƙon kai ya yi tiyata. Irinsa su ne ke duba masu shanyewar ɓarin jiki, masu farfaɗiya, masu rawar hannu ta cutar Parkinson, da masu ciwon kan da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. A da, aikin irin wannan likita a kan ƙarin ƙwaƙwalwa bai wuce ya gano shi ya miƙa mutum ga mai tiyata ba. Wanda ya yi fice wajen sauya wannan shi ne Jerome Posner na asibitin kansa na Memorial Sloan-Kettering a birnin Niyok, wanda ya gina sashen jijiyoyi a tsakiyar asibitin kansa, ya horar da likitoci da yawa a kan duk abin da kansa da magungunanta ke yi wa ƙwaƙwalwa. A wurinsa Cairncross ya samu horo bayan karatunsa a Jami'ar Western Ontario, sannan ya koma gida Kanada ya kama aiki a cibiyar kula da masu kansa ta Landan.

Wannan horo yana da tasiri a kan duk abin da ya biyo baya. Likitan tiyata yana ganin majinyaci kafin aiki da 'yan makonni bayansa. Likitan gashi yana tare da shi na kimanin mako shida. Likitan jijiyoyi kuwa shi ke riƙe da mutum shekara da shekaru: shi ke daidaita masa maganin farfaɗiya, shi ke gwada ƙarfin hannunsa da tafiyarsa da maganarsa, shi ke ɗora hoton wannan wata kusa da na wata uku da suka wuce. Mai irin wannan zama ne kaɗai zai iya lura cewa a cikin tarin mutanen da aka yi wa kuɗin goro da sunan mugun ƙari, akwai wasu 'yan ƙalilan da ciwonsu ke tafiya daban.

Ciwon kansa

A cikin ƙwaƙwalwa, ban da ƙwayoyin da ke ɗaukar saƙo, akwai wasu da aikinsu hidima ne da tallafi. Ƙarin da ya fito daga wannan dangi ana kiransa giliyoma. Mafi yawa kuma mafi muni a cikin manya shi ne giliyobilastoma, wanda yakan kashe mutum cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Oligodendirogiliyoma, wanda likitocin fagen ke taƙaitawa su ce oligo, ya samo sunansa ne daga kamanninsa da ƙwayoyin da ke naɗe wayoyin ƙwaƙwalwa da wani farin rufi, kamar robar da ke jikin wayar lantarki. Percival Bailey da Harvey Cushing sun sa shi cikin rabe-raben ƙarin ƙwaƙwalwa da suka fitar a 1926. A ƙarƙashin madubin likita ƙwayoyinsa zagayayyu ne, kowace da fili kewaye da cibiyarta, har masu duba tsoka suke kwatanta su da soyayyen ƙwai. Sau da yawa akan ga ɗigon alli a cikinsa a hoto.

Ba shi da yawa, kuma ya fi kama mutane a tsakiyar ƙarfinsu, 'yan shekara talatin da wani abu zuwa hamsin. Ya fi son gaban ƙwaƙwalwa. Alamarsa ta farko galibi faɗuwa ce irin ta farfaɗiya ga mutumin da bai taɓa yi ba: magidanci ko uwar yara ƙanana, lafiya lau jiya, yau a ƙasa ana jijjiga. Ba shi da iyaka tsayayya da wuƙa za ta bi, yana ratsa lafiyayyen nama kamar saiwar ciyawa a cikin ƙasa, don haka komai ƙwarewar mai tiyata sai ya bar saura.

Akwai dalilai biyu da suka sa aka daɗe ba a gane cewa yana jin magani ba. Na farko, ƙwaƙwalwa tana da shinge tsakaninta da jini wanda ke hana yawancin magunguna shiga, kuma gwaje-gwajen farko a kan miyagun giliyoma sun ba da ƙaramin amfani ne kawai, sai guiwa ta yi sanyi. Na biyu, a gwaje-gwajen nan akan zuba dukkan nau'o'in a kwando ɗaya. Idan a cikin mutum ɗari biyu masu oligo ba su fi 'yan kaɗan ba, duk alherin da suka samu zai nutse cikin lissafin sauran. Shi kansa haɗin PCV ba sabo ba ne a 1988. Victor Levin da abokan aikinsa a San Faransisko sun riga sun yi amfani da shi a kan giliyoma. Magungunan uku su ne furokabazin da lomustin, waɗanda ake haɗiya, da binkiristin da ake yi ta jijiya, ana maimaita zagayen kusan duk mako shida. Sabon abin shi ne ware nau'i ɗaya a ce wannan ne ke amsawa.

Ido ba mudu ba ne

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A asibiti kima takan isa a yanke shawara a kan mutum ɗaya. A bincike kuwa sai an kawo mudun. Matsalar ita ce a lokacin babu ma'auni ɗaya da kowa ya yarda da shi na cewa ƙarin ƙwaƙwalwa ya amsa magani. Abin ya fi wuya fiye da yadda ake zato, domin kusan duk majinyatan suna shan dezametazon don rage kumburi, shi kuwa wannan magani shi kaɗai yana iya sa mutum ya warware na ɗan lokaci, hotonsa ma ya yi kyau, alhali ƙarin yana nan daram.

A 1990 Macdonald da Cairncross tare da Terrence Cascino da Clifford Schold suka fitar da ƙa'idojin aunawa. Kafin a ce ƙari ya ragu, sai faɗinsa a hoto ya sauka da rabi ko fiye, raguwar ta ɗore aƙalla wata guda, ba a ƙara wa mutum dezametazon ba, kuma jikinsa bai ƙara lalacewa ba. Idan faɗin ya ƙaru da kashi 25 cikin 100, ciwo ya ci gaba ke nan. Sharuɗɗan nan biyu na maganin kumburi da halin jiki hannun likitan jijiyoyi ne ƙarara, wanda ya san hoto yana iya yaudara. An yi shekara 20 ana aiki da wannan ma'auni, mai ɗauke da sunan Macdonald, kafin a sabunta shi a 2010.

Da mudu a hannu, aka yi gwaji a asibitoci da dama a ƙarƙashin ƙungiyar gwajin magunguna ta Cibiyar Kansa ta Ƙasar Kanada. Sakamakon ya fito a 1994: cikin mutum 24 da suka cika sharuɗɗa, 18 sun amsa, tara daga cikinsu ƙarin ya ɓace daga hoto. Abin da aka gani a Landan ya tabbata ba mafarki ba ne. Sai dai shida ba su amsa ba, ga shi kuwa a ƙarƙashin madubi nasu da na sauran kamar an tsaga kara. Mai binciken da ke kallon takarda zai iya gamsuwa da kashi 75 cikin 100. Likitan da zai zauna gaban mutum ya ce masa zan ba ka maganin da zai wahalar da kai wata da watanni, shi yana bukatar sanin ko wannan mutumin na gabansa cikin ukun yake ko shi ne na huɗun.

Amsar ta zo daga wani ɓangare. A cikin kowace ƙwayar jikin ɗan Adam akwai ƙunshin bayanan gado guda 46, biyu-biyu har gida 23, ana kiransu kuromosom, kowanne da gajeren hannu da dogon hannu. A 1994 Julia Reifenberger da abokan aikinta suka nuna cewa oligo da yawa sun rasa gajeren hannun kuromosom na 1 da dogon hannun na 19 a lokaci guda, abin da ake rubutawa 1p/19q. Su sun bayyana shi ne a matsayin siffar ƙarin. Cairncross yana da abin da ɗakin bincike ba shi da shi: majinyatan da aka san wane magani suka sha, wa ya amsa, wa ya daɗe. Ya haɗa kai da David Louis, masanin duba tsoka a asibitin Massachusetts General da ke Boston, aka binciki tsokar mutum 39. A 1998 suka wallafa cewa ƙarin da ya rasa waɗannan hannaye shi ke jin magani, masu shi kuma sun fi daɗewa. Wannan na cikin karo na farko da aka nuna cewa wata alama a cikin ƙwayoyin gadon ƙarin ƙwaƙwalwa tana iya faɗin yadda magani zai kaya.

Ƙuri'a

Nan ne wurin da lamarin ya fi nauyi, kuma nan nake ganin ya kamata mai karatu ya tsaya.

Raguwar ƙari a hoto ba ta nufin tsawon rai. An sha ganin maganin da ke rage ƙari, a yi murna, daga baya a gano masu shansa ba su fi waɗanda ba su sha ba kwana a duniya, wahala kawai suka fi su. PCV kuwa ba abin wasa ba ne. Yana danne ɓargo, fararen ƙwayoyin jini da masu tsayar da zubar jini su yi ƙasa, mutum ya zama ganima ga kowace cuta. Yana kawo tashin zuciya, rama, ƙuraje da gajiyar da barci ba ya maganinta. Binkiristin yana taɓa jijiyoyin hannu da ƙafa, yatsu su sage, wani ma ƙafarsa ta riƙa ja. Mutane da yawa ba sa iya kammala zagayen da aka tsara musu. Hanya ɗaya ce ta sanin ko wannan wahala tana biyan kuɗin sabulu: a raba majinyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a, gida ɗaya gashi kaɗai, ɗayan PCV sannan gashi, a zuba ido.

A 1994 ƙungiyar RTOG ta Amurka, mai gudanar da gwaje-gwajen maganin gashi, tare da takwarorinta na Amurka da Kanada, ta buɗe gwaji mai lamba 9402, Cairncross na jagorantarsa. A duba matsayinsa. Shi ne mutumin da ya fara ganin maganin yana aiki, da idonsa, a jikin mutanen da ya sani da suna. Kuma shi ne zai amince a bar kwamfuta ta jefa rabin majinyata gidan da ba za a ba su shi a farko ba. Wani zai ce rashin tausayi ne. Ni a ganina wannan shi ne mafi girman gaskiya da likita mai bincike zai iya yi wa majinyatansa. Wanda ya ƙirƙiro ra'ayi shi ya fi kowa haɗarin ruɗuwa da shi, domin ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana riƙe fuskar wanda ya warke ta manta da wanda bai dawo ba. Da ya tsaya a kan abin da ya gani, ya ci gaba da ba da PCV a asibitinsa yana wa'azinsa a taruka, da wasu sun bi shi wasu sun ƙi, kuma da har yau babu wanda zai iya cewa ga adadin shekarun da ake samu, ga kuma wanda ke samunsu. Akwai kuma sassauci guda a tsarin: duk wanda ke gidan gashi kaɗai, idan ciwonsa ya dawo, likitansa yana da damar ba shi magani, kuma mafi yawansu sun samu.

Saboda ƙarancin ciwon, sai da aka yi shekara takwas, zuwa 2002, kafin a tara mutum kusan 290. A Turai ma ƙungiyar binciken kansa ta EORTC ta gudanar da irin wannan gwaji mai lamba 26951 a ƙarƙashin Martin van den Bent na Rotadam a ƙasar Holan, shi ma likitan jijiyoyi, da mutum 368. Bambancinsu shi ne a can gashi ake fara yi sannan PCV ya biyo baya.

A 2006 aka fitar da sakamakon gwaje-gwajen biyu, kuma ba abin da ake fata ba ne. A irin wannan lissafi ana duba tsakiyar layi ne, wato lokacin da rabin mutanen gida suka rasu rabi na raye. A gwajin 9402, gidan PCV ya kai shekara 4.9, gidan gashi kaɗai 4.7. Wannan ba bambanci ba ne. Maganin ya jinkirta dawowar ciwo, shekara 2.6 maimakon 1.7, amma kusan biyu cikin uku na waɗanda suka sha shi sun gamu da mummunar illa. Na Turai ma haka ya nuna. Alamar 1p/19q dai ta tabbata cewa masu ita sun fi tsawon rai nesa ba kusa ba, fiye da shekara 7 idan aka gwada da 2.8, sai dai a lokacin ya yi kama da cewa ko wane gida suka faɗa haka za su daɗe.

Shekara 18 ke nan da rahoton farko, kuma abin da aka fahimta shi ne a ba da PCV da wuri ko a jira, duk ɗaya ne. Ga kuma sabon magani ya shigo da ƙarfinsa. A 2005 gwajin da Roger Stupp ya jagoranta, na haɗin guiwar Turai da Kanada, da mutum 573, ya nuna cewa temozolomid tare da gashi yana ɗaga tsakiyar rayuwar masu giliyobilastoma daga wata 12.1 zuwa 14.6. Cairncross na cikin waɗanda suka sa hannu a wannan aiki. Temozolomid ƙwaya ce da ake sha a gida, kuma jiki ya fi ɗaukarta. Likitoci da yawa suka koma ba wa masu oligo ita, ba tare da wani babban gwaji ya nuna ta kai PCV a wannan ciwo ba. Ba na zarginsu da sakaci. Wanda ya ga abin da PCV ke yi wa jikin mutum, ya kuma karanta rahoton 2006, yana da hujjar neman abin da ya fi sauƙi.

Abin da ya hana labarin ƙarewa a nan ƙaramin abu ne a ido. A 2006 fiye da rabin masu alamar 1p/19q suna raye, don haka ba a isa wurin da za a iya yanke musu hukunci ba. Masu gwajin ba su rufe littafi ba. Aka ci gaba da bin sawun mutanen, shekara bayan shekara, asibiti bayan asibiti, a lokacin da hankalin fagen ya koma wani wuri. Aiki ne marar armashi: cike takarda, neman wanda ya ƙaura, tabbatar da ranar rasuwa, roƙon asibitoci su tono tsohuwar tsokar da aka adana a cikin kakin zuma tun shekarun 1990 don a gwada ta.

A 2012 aka sanar da sakamakon dogon zango, aka wallafa shi a 2013. Idan aka haɗa duka mutum 291, har yanzu babu bambanci: 4.6 da 4.7. Ga waɗanda ƙarinsu bai rasa 1p/19q ba ma haka, 2.6 da 2.7. Amma ga masu alamar, gidan gashi kaɗai ya tsaya a shekara 7.3, gidan da aka haɗa wa PCV ya kai shekara 14.7. Ninki biyu. Alƙaluman rayuwar gidajen biyu sun yi shekaru suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kafin su rabu, shi ya sa duban farko bai ga komai ba.

Dole a faɗi rauninsa. An tsara gwajin a 1994, shekara huɗu kafin a san muhimmancin alamar, don haka ba a raba mutane bisa ita ba tun farko, kuma ba kowa aka samu tsokarsa ba. Sakamakon da aka tono daga baya irin wannan yana iya zama katari. Abin da ya ba shi ƙarfi shi ne gwajin Turai, wanda wasu mutane daban suka yi a wasu ƙasashe daban, ya nuna abu guda a lokaci guda: PCV ya ƙara tsawon rai, kuma masu alamar ne suka fi cin moriya. Shaidu biyu da ba su haɗa baki ba suka faɗi magana ɗaya. Nan take aka dakatar da ɗaukar mutane a wani gwaji mai suna CODEL da ke gudana, domin yana da gidan gashi kaɗai, kuma daga wannan rana ba zai halatta a bar mai alamar da gashi kaɗai ba.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. Tun 2006 an gano cewa rasa hannayen biyu yana faruwa ne ta hanyar musaya guda tsakanin kuromosom na 1 da na 19. A 2008 da 2009 masu bincike a jami'o'in Johns Hopkins da Duke suka gano sauyi a ƙwayar gado ta IDH a yawancin giliyoman matasa. A 2014 Cairncross da abokansa suka koma kan tsokar gwajin 9402, suka nuna cewa har waɗanda ke da sauyin IDH ba tare da 1p/19q ba sun amfana, shekara 5.5 maimakon 3.3, waɗanda ba su da ko ɗaya kuwa ba su ƙaru da komai ba sai wahala. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya ma'anar wannan ciwo: ba za a kira ƙari oligo ba sai yana da sauyin IDH da rashin 1p/19q, komai kamanninsa a madubi. Bayan shekara 90 ana dogaro da ido, sunan ciwo ya koma hannun gwajin ƙwayoyin gado.

Abin da haɗa ayyukan biyu ya ba shi, da abin da ya ci

A 2002 Cairncross ya koma Jami'ar Kalgari a lardin Albata ya shugabanci sashen cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, daga baya kuma cibiyar binciken kansa ta jami'ar. A can ya yi aiki da Samuel Weiss wajen raya ƙwayoyin ƙarin da aka ciro daga majinyata a ɗakin bincike. Wannan ya fito da wani abu da nake ganin shi ne ginshiƙin lamarin. Oligo yana da wuyar rayawa a cikin kwano. Giliyobilastoma yakan rayu a cikin kwano cikin sauƙi, shi kuwa wannan yakan mutu ko ya sauya hali, kuma sai a 2010 tawagar Kalgari ta bayyana ƙwayoyin da suka rayu ɗauke da ainihin musayar kuromosom ɗin. Ma'ana, a duk shekarun da aka yi ana gano muhimman abubuwa game da ciwon, babu wani kwano ko ɓera da zai maye gurbin mutum. Ilimin ya fito ne daga ɗakin duba marasa lafiya ya shiga ɗakin bincike, saɓanin yadda aka saba kwatanta tafiyar kimiyya. Ba don akwai mutumin da ƙafarsa ɗaya ke nan ɗaya ke can ba, da gwajin tsokar yana Boston, labarin majinyatan yana Landan, ba su haɗu ba.

Farashin ma ba ƙarami ba ne, kuma ba likitan ne ya fi biyansa ba. Mutanen da ke da alamar suka faɗa gidan gashi kaɗai, a jumlace sun rasa shekaru. Waɗanda ba su da kowace alama suka faɗa gidan PCV sun sha azabar magani a banza. Babu wanda ya san haka a ranar da suka sa hannu, amma haka ya kasance, kuma duk mai cin amfanin wannan ilimi a yau bashinsu na kansa. Tsakanin 2006 da 2012 kuma an yi shekara shida ana yi wa mutane magani bisa amsar da ba ta nuna ba tukuna. Ciwon da ke tafiya a hankali, gwajinsa ma a hankali yake ba da amsa, har ya kusa cinye rayuwar aikin mutum guda.

Nasarar ta kuma haifi tambayar da likitan jijiyoyi ne ya fi jin nauyinta. Mutumin da zai rayu shekara ɗaya, illar gashi ta dogon lokaci ba za ta riske shi ba. Wanda zai rayu shekara 15 kuwa za ta iya riskarsa: mantuwa, nauyin tunani, kasa riƙe aikin da yake yi a da. Tun 1989 Cairncross da Normand Laperriere suka rubuta suna tambaya ko ya dace a gaggauta yi wa kowane mai giliyoma mai tafiya a hankali gashi, kuma tambayar ba ta tsufa ba. An gwada ba da temozolomid kaɗai don a jinkirta gashi, amma a zangon farko na CODEL waɗanda aka yi wa haka ciwonsu ya fi saurin dawowa. A watan Agusta na 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da borasidenib, ƙwayar da ke toshe gurɓataccen IDH, ga masu ƙari mai mataki na 2, wato mai tafiya a hankali, bayan tiyata. A gwajinta na mutum 331 ta jinkirta ci gaban ciwo zuwa wata 27.7 maimakon 11.1. Wannan jinkirin ciwo ne aka auna, irin abin da PCV ya nuna a 2006, kuma maganar tsawon rai tana bukatar nata shekarun.

Ga mai shekara 35 da aka gano masa oligo mai mataki na 3, wato mugun nau'in, bayan tiyata likitansa zai shimfiɗa masa hanyoyi biyu tare da gashi. PCV, mai wahala, wanda ke da gwaje-gwaje biyu da bin sawu na fiye da shekara goma a bayansa. Ko temozolomid, mai sauƙi, wanda asibitoci da yawa suka saba da shi. An sake fasalin CODEL don ya gwada waɗannan biyun kai da kai a kan masu alamar 1p/19q kaɗai, wato mutanen da rabinsu kan wuce shekara 14 a raye.